Fijo 404 Da 504: Motocin Da Suka Kawo Iyayenmu Suleja



A bayan gidanmu a nan Suleja akwai wata tsohuwar mota Peugeot 504, irin doguwar nan da ake kira wagon, wadda yau shekararta tara a fake wuri ɗaya. An cire mata tayoyi an ɗora ta a kan bulo, farin fentinta ya koma ruwan ƙasa, kaji kuma sun mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Motar Baba ce. Sau uku ke nan 'yan gwangwan suna zuwa taya ta, kuma su ba ruwansu da ko tana tashi ko ba ta tashi, nauyin ƙarfen kawai suke lissafi. Yayana yana ganin a sallama masu kowa ya huta, a sami filin da za a ƙara ɗaki tunda gida ya yi mana kaɗan. Baba kuwa duk ranar da aka ɗauko zancen sai ya ce, "Ku bari sai ƙasa ta rufe idona, sannan ku yi abin da kuka ga dama." Ni ina tsakiya. Maganar Yaya tana kan hanya, to amma na lura duk lokacin da tsofaffin abokan Baba na kasuwa suka zo gaisuwa, sai sun leƙa bayan gida sun dafa motar nan kamar masu duba mara lafiya. Wannan ne ya sa na ce bari in bi diddigin al'amarin, in ji mene ne tsakanin iyayenmu da wannan mota da muke kira Fijo, tunda ni dai lokacin da na yi wayo zamaninta ya riga ya zo gangara.

Asalin zakin

Iyalan Peugeot mutanen gabashin Faransa ne, daga yankin Montbéliard kusa da iyakar Suwizalan. A 1810 suka mayar da wani gidan niƙan hatsi da suka gada zuwa maƙerar ƙarfe, suka riƙa ƙera zarto da sifirin, daga baya suka shiga yin injin niƙa kofi da na masoro, a 1882 kuma suka fara kekuna. Zakin nan da muke gani a hancin mota an yi masa rajista tun 1858, shekara talatin kafin su taɓa ƙera mota, kuma manufarsa ita ce a nuna haƙoran zartonsu suna da ƙarfi irin na zaki. Wato dai asalinsa tallan zarto ne. Armand Peugeot shi ne ya ja gidan zuwa harkar mota, inda ya fito da ta farko a 1889, mai ƙafa uku mai aiki da tururi, shekara guda bayan nan ya koma injin fetur. Tsarin lamba uku da sifili a tsakiya kuwa, wanda ya ba mu 403 da 404 da 504, ya faro ne da 201 a shekarar 1929.

Wadda ta fara yin suna a ƙasarmu ita ce 403. Ta fito a Faransa a 1955, ta iso Nijeriya a ƙarshen shekarun 1950, kuma kamfanin cinikin nan na Faransawa, SCOA, shi ne babban dillalinta. A wancan lokaci motocin Ingila ne suka cika hanya, irin su Morris da Austin da Land Rover, sai manyan motoci Bedford masu bodin katako. Da 404 ta fito a 1960, shekarar da muka sami 'yancin kai, sai labari ya fara canzawa. Injinta mai silinda huɗu ne, lita 1.6, tana ja da ƙafar baya, giyarta kuma a jikin sitiyari take, abin da ya sa gaban yake da fili. Ba ta tsoron rami, ba ta tsoron zafi. A gasar tseren Safari ta gabashin Afirka, wadda ake yi a cikin laka da duwatsun Kenya da Tanzaniya da Uganda, 404 ce ta zo ta ɗaya a 1963, sannan ta sake yi sau uku a jere, 1966 da 1967 da 1968. Direbobinmu na tasha ba su san da wata gasa ba, amma abin da Turawa suka gano a Kenya su ma sun gano shi a hanyoyin da ba su da kwalta.

Akwai kuma wani abu da ba a cika kawo shi cikin lissafi ba. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta yi canjin hannu, aka bar tuƙi ta hagu irin na Ingila aka koma dama, kamar yadda maƙwabtanmu Nijar da Cadi da Kamaru da Dahomey suke yi tuntuni. Daga ranar, motar da sitiyarinta ke hagu ita ce daidai da hanya, kuma haka Fijo take tun daga gidansu.

Akori-kura

Cikin dangin 404 babu wadda ta yi wa ɗan kasuwa rana kamar mai buɗaɗɗen baya, wato akori-kura. Mai karatu ɗan zamani zai iya ɗauka ƙurar hanya ake nufi, ko kuwa kurar daji. A'a, kurar da ake turawa da hannu ake nufi, wadda a da ita ce ke ɗaukar kaya daga tasha zuwa kasuwa. Da wannan mota ta zo sai ta kore ta. Bayanta sifirin ne na falle-falle irin na babbar mota, ana kafa mata ƙarafa a lulluɓe da tamfol. Nauyin da kamfani ya rubuta mata daban, wanda Bahaushe yake ɗora mata daban. A jera buhunan hatsi, a ɗora albasa a kai, mutane su hau saman albasa, yaron mota kuma ya maƙale a baya da ƙafa ɗaya.

A bayan irin wannan mota Kakanmu, Allah Ya jiƙansa, ya shigo garin nan a 1977 daga ƙasar Katsina, da buhunan gero da wake da yaro ɗaya ɗan shekara goma sha biyar, wanda shi ne Baba. Abin da ya kawo shi shi ne abin da ya kawo iyaye da kakannin da yawa daga cikinmu. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammed ya sanar da cewa za a ɗauke babban birnin ƙasa daga Legas a kawo shi tsakiya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, kuma a ranar ce aka ƙirƙiro Jihar Neja. Garin da muke ciki a lokacin sunansa Abuja. Sai aka ɗauki sunan aka ba sabon birnin, shi kuma garin aka kira shi Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau wanda ke kan gado. Tunda wurin da za a gina birnin daji ne da ƙauyuka, ma'aikatan hukumar FCDA a nan suka fara yada zango, a wurin da har yau ake kira Field Base. Injiniyoyi, masu awo, leburori, direbobi, duk sai sun ci abinci, sai sun sa tufafi, sai sun sayi bokiti da tabarma. Labari ya kai Kano da Katsina da Sakkwato har Maraɗi cewa kasuwa ta buɗe a gindin Dutsen Zuma.

A nan zan ɗan yi ratse. Wani lokaci in ana musu a majalisa kan wane ne ɗan gari wane ne baƙo, nakan tuna cewa su kansu Zagezagin da suka kafa masarautar tasowa suka yi daga Zariya a zamanin jihadi. Sarki Muhammadu Makau ya yo kudu ya sauka wajen Zuba, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin a 1828, a ƙasar da Gwari da Koro suka riga kowa zama. Shi ya sa har yau sarautar Sarkin Zazzau ake kiranta. Su a kan dawaki suka zo, namu iyayen kuma a bayan akori-kura, shekara ɗari da hamsin tsakani. Ba ina daidaita mu da su ba ne, masu gari masu gari ne, amma hanyar ɗaya ce, daga arewa ta gangaro.

Baba ya ce a shekarun farko ba su ɗauki nan gida ba. Ci-rani suka zo. Duk bayan mako biyu ko uku Kaka zai yi lodin doya da manja, wani lokaci da goron da ya sara daga hannun masu zuwa daga kudu, ya yi arewa, ya dawo da hatsi da albasa da busasshen tumatir. Saƙon kuɗi, wasiƙa, labarin haihuwa ko rasuwa, duk a hannun direba ake bayarwa, domin babu waya, banki kuma ba kowa ya yarda da shi ba. Ashe ke nan mota ce ta sa mutum ya iya zama a Suleja ba tare da ya yanke da garinsu ba, har aka wayi gari ya ɗauko iyalinsa ya gina gida.

Kakuri

Duk wanda ya taso daga Suleja ya bi ta Dikko, ya wuce Sabon Wuse da Tafa da Jere da Kateri, tafiyar da ba ta wuce kilomita 160 ba, abin da zai fara tararwa a bakin Kaduna shi ne yankin masana'antu na Kakuri. A nan gidan Fijo yake, har mahaɗar da ke wurin ma da sunansa ake kiranta. An yi wa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, rajista a watan Disamba 1972 a matsayin haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin tarayya da kamfanin Faransa, Janar Yakubu Gowon kuma ya buɗe masana'antar a watan Maris 1975. Tana ɗaya daga cikin guda shida da gwamnati ta kafa a shekarun 1970 da kuɗin man fetur: Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, ANAMMCO mai haɗa Mercedes a Enugu, Steyr a Bauchi, da NTM mai haɗa Fiat a Kano.

Abin da ya fi ba ni mamaki a tarihin wannan masana'anta shi ne yadda kayan haɗin suke zuwa. A 1975 tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe da ɗaruruwan jiragen siminti da gwamnati ta yi oda, jirgi kan yi watanni yana jiran layi. Sai aka koma sama. Jiragen dakon kaya na kamfanin UTA suka riƙa tashi daga birnin Lyon na Faransa cike da injina da ƙofofi da sauran sassan mota, su sauka a filin jirgin sama na Kano, daga nan a kwashe a manyan motoci zuwa Kaduna. An yi shekaru ana haka. Mai karatu ya tsaya ya yi tunani, a ɗauko ƙarfen mota a jirgin sama daga Turai, a haɗa, a sayar, kuma a ci riba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin kuɗin da ke ƙasar nan a lokacin, da kuma irin ƙarfin Naira, wadda a 1980 ta fi Dalar Amurka daraja. A farkon shekarun 1980 abin da Kakuri ke fitarwa a shekara ya kusa mota 60,000.

Kasuwa kuwa a shirye take. Ƙarin albashin Udoji da aka biya a farkon 1975 ya zuba kuɗi a aljihun ma'aikata, ga kuma bashin sayen mota da gwamnati ke ba su. Bayan an kashe Murtala a cikin baƙar Mercedes ɗinsa ranar 13 ga Fabrairu 1976, gwamnatin Obasanjo ta fito da tsarin rage facaka, aka ce manyan jami'ai su sauka daga manyan motoci su hau 504. Daga nan ta zama motar gwamna, motar kwamishina, motar alƙali, motar 'yan sanda, motar asibiti. Abin sha'awa a nan shi ne, irin motar da babban sakatare yake hawa ita ce malamin makaranta yake saye da bashi, ita ce kuma ake lodi a tasha. Bambancin kawai a haruffan da ke jikin but ne, wannan L, wancan GL, daga baya GR da SR, sai kuma iyakwandishan. Yau in ka dubi jerin gwanon motocin wani shugaban ƙaramar hukuma sai ka rasa bakin magana.

Ita 504 ɗin

An fito da 504 a birnin Paris a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, kamar yadda ya zana na 403 da 404. Ita ma ta ci gasar Safari a 1975 da 1978. An ƙera fiye da miliyan 3 a duniya. A Faransa an daina yin salun ɗinta tun 1983, amma a Kaduna aka ci gaba har tsakiyar shekarun 2000, ta ƙarshen ita ce ake kira Bestline. Wato Kaduna na cikin wuraren ƙarshe a duk duniya da suka haɗa wannan mota. A ƙasar Nijar kuwa ta wata hanya ta riƙa shiga: a shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa kan sayi tsohuwar 504 a Faransa, su keto Sahara ta Aljeriya, su biyo ta Tamanrasset da Arlit da Agadas, su sayar da ita su hau jirgi su koma gida da ribar.

Na tambayi wani tsohon bakanike, wanda ya shekara fiye da talatin yana duba motar Baba, me ya sa ta yi ƙarko haka. Ya ce, "Ɗan Alhaji, zo ka gani." Ya sa na durƙusa na leƙa ƙarƙashi. Farfelar da ke kai ƙarfi daga giya zuwa ƙafar baya a cikin wani bututun ƙarfe take a rufe, don haka dutse ko yashi ba ya samun ta. Sifirin ɗinta dogaye ne masu laushi, suna ba taya damar shiga rami ta fito ba tare da jikin motar ya bugu ba, ita wagon ma guda biyu-biyu ne a kowane gefe na baya saboda kaya. Cikinta a ɗage yake daga ƙasa. Sannan ya buɗe bonet ya nuna mini injin, mai silinda huɗu, lita 2, a ɗan kishingiɗe, da fili ta ko'ina da hannu zai shiga. Kafireta ce da filogi da kwantak, babu kwamfuta, babu wata na'urar da sai an jona kafin a san ciwonta. Ya ce da sifana uku da filaya da sukundireba zai iya kwance ta a gindin bishiya da safe, kafin la'asar ta kama hanya. In fanbel ya tsinke a daji direba kan ɗaura igiya ya lallaɓa zuwa gari na gaba, in lagireto ya huda a toshe da sabulu. Kuma saboda kusan kowa ita yake hawa, babu garin da za ka tsaya a rasa kayan gyaranta.

A ganina wannan shi ne ainihin sirrin. Motoci masu ƙarfi suna da yawa, Mercedes ma ai ba baya ba ce. Amma Fijo ta zo daidai da ilimin da ke hannun bakanikenmu da kuɗin da ke aljihun mai ita.

Wagon ɗin ita ce sarauniyar tasha. Layi uku na kujeru gare ta, kamfani ya yi ta don mutum bakwai, 'yan kamasho suka mayar da ita ta mutum tara ban da direba: biyu gaba, huɗu tsakiya, uku baya. Wanda ya zo da wuri ya kama gaba, wanda ya makara ya faɗa kujerar baya inda gwiwa ke taɓa haɓa. Kaya a but har ƙofa ta ƙi rufuwa a ɗaure da igiya, ragowar a ɗora a sama. Daga Suleja zuwa Kaduna, Zariya, Kano, Funtuwa, Minna, Bida, duk ita ce. Jajiberin sallah kuwa sai ka yi da gaske kafin ka sami wuri, domin duk wani ɗan kasuwa da ke garin nan so yake ya yi idi a gida.

Kada kuma son zuciya ya sa mu ɓoye ɗaya gefen. Motar tana da gudu, direbobin haya kuma sun san haka, ga lodi ya wuce ƙa'ida, ga tayoyi sun suɗe, ga hanyar Kaduna kafin a mayar da ita tagwaye siririya ce ana gwamutsuwa da tankoki da tireloli. Babu ruwan kowa da bel. In aka yi karo, mutum goma ne a ciki. Ba a kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ba sai a 1988. Cikin abokan Baba da wuya ka sami wanda bai rasa ɗan'uwa ko abokin ciniki a hanyar nan a cikin wagon ba. In suna yabon motar sai ka ji an yi shiru an ambaci wani, a yi masa addu'a, sannan a ci gaba. Allah Ya jiƙan musulmi.

Yadda ta gangaro

Baba ya sayi tasa a tsakiyar shekarun 1990, a gwanjon tsofaffin motocin gwamnati, bayan an dawo da fadar mulki Abuja ranar 12 ga Disamba 1991. Ya ce ko a lokacin sabuwa ta riga ta fi ƙarfin ɗan kasuwa irinsa, alhali shekara goma sha biyar kafin nan malamin firamare mai ɗan daɗewa a aiki yana iya saye. Me ya faru a tsakani?

Farashin man fetur ya faɗi a duniya daga 1981, kuɗin waje ya yi ƙaranci, masana'antu suka koma bin layin lasisin shigo da kaya. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, a watan Satumba na shekarar aka fara gwanjon kuɗin waje, Dala ɗaya ta haura zuwa wajen Naira 4, zuwa 1993 kuma tana wajen Naira 22 a farashin gwamnati. A nan asiri ya tonu. Muna cewa motarmu ce ta Kaduna, kuma gaskiya ne ana samun taya daga Michelin a Fatakwal da Dunlop a Legas, da batir da gilashi daga Ibadan, da fenti da kujeru a cikin gida. Amma injin da giya da faranten ƙarfen jiki, wato abubuwan da suka fi tsada, daga Faransa suke zuwa, kuma da kuɗin waje ake biya. Masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta da aka ɗora wa buri ba ta taɓa kammaluwa ba. Saboda haka duk lokacin da Naira ta faɗi, farashin Fijo sai ya tashi, albashi kuma yana nan inda yake. Haɗawa muke yi, ba mu kai ga ƙerawa ba, kuma an yi shekara talatin ana haɗa mota iri ɗaya ba tare da an kai ga zuba injinta a gida ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk labarin.

Sai ƙofa ta buɗe wa tsofaffin motocin Turai, waɗanda mutanen kudu ke kira tokumbo mu kuma muke cewa 'yan Kwatano ko Beljiyam. Ga arha, ga ƙarancin shan mai. Ita kanta gwamnati, wadda ita ce babbar mai saye, ta juya ga motocin Japan. PAN ta yi ta ƙoƙari da 505, wadda ta fito a 1979 kuma ita ce Fijo ta ƙarshe mai ja da ƙafar baya, daga baya da 306 da 406 da 307. Ita 406 ta karɓu ƙwarai a arewa, har yanzu ana ganinta a tasha. Amma kasuwar ba ta dawo ba. A 2006 gwamnati ta sayar da kasonta ga kamfanin ASD Motors, a 2012 hukumar AMCON ta karɓe masana'antar saboda bashin banki, a 2020 kuma aka miƙa ta ga wasu masu zuba jari. Michelin ta rufe a 2007, Dunlop ta bi baya a 2008. Maƙwabtan PAN a Kakuri ma, wato masaƙu, haka suka mutu ɗaya bayan ɗaya, KTL a 2002, UNTL a 2007. Shi kansa kamfanin Peugeot na Faransa ya shiga cikin wata babbar haɗaka mai suna Stellantis a 2021. A 2022 wani sabon kamfani, DPAN, wanda Ɗangote ke da hannu a ciki, ya fara haɗa Peugeot a wata sabuwar masana'anta a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja. Muna yi masu fatan alheri, amma ban ga ɗan kasuwar hatsi ko ɗaya a garin nan da ya je tambayar farashi ba.

In ka shiga tasha a Suleja yau, Golf da Sharan da Hiace ne suke lodi. Dangin Fijo da suka rage a bakin aiki su ne J5 masu dakon tumatir da kayan gwari, sai ɗaiɗaikun akori-kura 504 da ke ɗauko doya da gawayi daga ƙauyuka ranar kasuwa, jikinsu duk walda.

Makon jiya na roƙi tsohon bakaniken nan ya zo ya gwada ta Baba, ko don a san matsayinta kafin a yanke shawara. Kwana biyu ya yi a kanta. Ya zare filogi ya zuba mai a cikin silinda ya bar shi ya kwana, ya juya injin da hannu, ya wanke kafireta, ya goge kwantak da 'yar takarda mai kaushi, ya canza baƙin mai. Muka aro batir a wurin maƙwabci, ya jona tiyo daga galan ɗin fetur tunda tankin ya yi tsatsa. Sau biyar tana tari tana mutuwa, a na shida ta kama, hayaƙi ya turnuƙe bayan gida, kaji suka watse, yara suka yi ta ihu. Baba ya fito daga ɗaki ba ko hula, ya tsaya yana saurare, can ya ce, "Salansa ce kawai ta fashe." Bakanike ya ce, "Alhaji, injin lafiya lau yake, amma ƙasan duk ya ruɓe, sai an yi walda, birki kuma sabo za a sa gaba ɗaya." Ya ce kayan sai dai a nema a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, a nan sun yi wuya.

Abin da aka tsayar a daren shi ne Yaya zai yi ɗakinsa, mota kuma za a sa mata tayoyi a ja ta zuwa gareji bayan sallah, a riƙa gyarawa kaɗan-kaɗan yadda aljihu ya ba da hali. Ni aka ɗora wa zuwa Kaduna neman kaya. Da zan raka bakaniken bakin titi ya ce in gaya wa Baba kada a ja lokaci, domin idonsa ya fara rauni, kuma cikin yara shida da ke koyon aiki a wurinsa babu ko ɗaya da ya taɓa saita kwantak.